Yadda Za Ka Gane Ko Maganaɗisu Ne Ke Korar Iska Daga Faifan Baƙin Rami

A tsakiyar kusan kowace babbar galaksi akwai baƙin rami, wurin da jansa ya kai ko haske ba ya tsere masa, mai nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi. Idan ya sami gas da zai ci, gas ɗin ba ya faɗawa kai tsaye. Yana kewaya ramin ne a faifai mai zafi, yana matsowa sannu a hankali, yana fitar da hasken da kan zarce na dukkan taurarin galaksin. Irin wannan cibiya ce ake cewa tana ruruwa. Wani kaso na gas ɗin kuma ba ya isa ramin sam: yana tashi daga fuskar faifan ya fice da gudu, daga kilomita ɗaruruwa a daƙiƙa har zuwa kusan sulusin gudun haske.

Abubuwa uku ne za su iya korar wannan iska: zafi, matsin haske, da maganaɗisu. Biyun farko ana iya lissafa su daga abin da na'ura ta auna. Na ukun kuwa, ba mu da na'urar da ke auna shi kai tsaye a faifan wata galaksi mai nisa. Saboda haka duk wanda ya ce maganaɗisu ne ya kori iskar da ya gani, hukunci ya yanke bayan ya kawar da sauran biyun, kuma ingancin hukuncinsa ya rataya ne a kan abu guda: ya san nisan iskar daga ramin ko bai sani ba? Wannan jagora ta ɗalibin kimiyyar lissafi ko fiziks ce wanda ke da kwamfuta da intanet, yana son ya bi wannan hanya da hannunsa. Bayanan kyauta ne. Ɗalibi a Zariya ko Maraɗi zai sauke fayil ɗin da mai bincike a Jamus ke saukewa.

Mataki na farko: fahimci abin da kake nema

Faifan ba zai iya ciyar da ramin ba sai gas ɗin ya rabu da ƙarfin juyinsa. A 1973 Shakura da Sunyaev sun tsara lissafin faifan, suka ɗora wannan aiki a kan wata gogayya da ba su fayyace tushenta ba. A 1991 Balbus da Hawley suka nuna cewa ko raunanan maganaɗisu ya isa ya hargitsa faifan ya samar da gogayyar. Wato maganaɗisu yana cikin faifan tun farko, babu gardama a nan. Gardamar ita ce ko yana da tsari da ƙarfin da zai ɗaga gas ya jefar waje.

Hanyar jefarwar Blandford da Payne ne suka bayyana ta a 1982. Layukan maganaɗisu suna kafe a faifan, suna juyawa tare da shi. Gas mai caji ba ya iya tsallake layi, sai dai ya zame a kansa. Idan layin ya karkata daga sandar juyin faifan da fiye da digiri 30, gas ɗin da ke gindinsa zai zame waje yana ƙara gudu, kamar dutse a majajjawar yaron da ke korar tsuntsaye a gona: gwargwadon tsawon igiyar, gwargwadon ƙarfin jifan. Igiyar a nan tana ƙarewa a inda gas ɗin ya fi ƙarfin layin ya fara lanƙwasa shi, wurin da ake kira iyakar Alfvén. Idan nisan wannan iyaka ya ninka nisan gindin layin sau 3, za a samu murabba'in wannan ninki, λ = 9, kuma gudun ƙarshe shi ne gudun kewayen gindin sau √(2λ − 3), kusan sau 3.9. Riƙe wannan lamba, za ta yi maka amfani a gaba.

Akwai hanya ta biyu, inda juyin faifan ke nannaɗe layukan har matsin maganaɗisun kansa ya tura gas sama. A bayanan da za ka duba, da wuya ka rarrabe su, don haka ka ɗauke su gida ɗaya.

Abin da ya fi muhimmanci ga aikinka shi ne wannan: maganaɗisu bai damu da yawan ilektiron da suka rage a jikin atam ba, muddin gas ɗin yana da caji. Matsin haske ya damu ƙwarai. Daga wannan bambanci ne yawancin hujjarka za ta fito.

Mataki na biyu: zaɓi galaksi, sauke bayanai

Iskar ba ta haske sosai. Ana ganin ta ne idan ta gifta tsakaninmu da cibiyar, ta haɗiye wasu zangunan hasken eksire, ta bar ramuka a bakan hasken, wato jerin hasken bisa ƙarfinsa. Don haka kana bukatar bakan eksire mai kyau.

Ma'ajiyar HEASARC ta NASA tana ɗauke da bayanan yawancin taurarin ɗan Adam na eksire. XMM-Newton na hukumar sararin samaniyar Turai da Chandra na Amurka duk a 1999 aka harba su, NuSTAR a 2012, XRISM na Japan a watan Satumba 2023. Galibi bayan shekara guda da ɗaukar bayanai ake buɗe su ga kowa. Kowanne da manhajar tace bayanansa: SAS ta XMM-Newton, CIAO ta Chandra, HEASoft ta sauran. A kan Linux suka fi zama lafiya. Idan datarka ba ta da yawa, fara da TGCat, inda aka riga aka tace bakan Chandra, fayilolin kuma ƙanana ne.

Shawarata ga mai farawa ita ce galaksin NGC 3783. Chandra ya kalle ta jimillar daƙiƙa 900,000 tsakanin 2000 da 2001, kuma bakan da Kaspi da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 cike yake da layuka sama da ɗari, daga sinadarai iri-iri, suna tahowa da gudun kilomita ɗaruruwa a daƙiƙa. A nan za ka koyi gane layi. Bayan hannunka ya faɗa, sai ka koma kan PDS 456, inda iska mai tsananin gudu take.

Mataki na uku: tabbatar layin na gaske ne

A nan aka fi yin tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe.

Iska mai tsananin gudu ana kama ta ne da layukan sinadarin ƙarfe da aka tuɓe wa kusan dukkan ilektiron. Wanda ya rage da biyu, Fe XXV, yana haɗiya a 6.70 keV (ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske). Wanda ya rage da ɗaya, Fe XXVI, a 6.97 keV. Idan iskar tana tahowa wajenmu da gudu, layukan suna matsawa sama, zuwa tsakanin 7 da 10 keV. Matsalar ita ce daidai wannan yanki ne madubin XMM-Newton da na Chandra suke raunana, ƙwayoyin hasken da ake samu kaɗan ne, kuma rami na iya bayyana don sa'a kawai.

Fara da daidaita gangar jikin bakan tsakanin 3 da 10 keV a XSPEC, manhajar daidaita baka ta HEASoft: layin ƙarfi mai gangarowa, haɗiyar gas ɗin galaksinmu, da layin ƙarfe na 6.4 keV da kusan kowace cibiya mai ruruwa ke fitarwa. Idan ƙwayoyin haske kaɗan ne a kowane gurbi, yi amfani da ƙididdigar Cash maimakon χ². Sannan ka bi bakan da siririn layi, kana matsar da shi kaɗan-kaɗan, kana rubuta inda daidaiton ya inganta.

Da ka sami rami, abu uku za ka duba kafin ka yi murna. Na ɗaya, na'urar kanta. Kyamarar EPIC-pn ta XMM-Newton tana da layukan bango daga ƙarafan jikinta, mafi ƙarfi na tagulla a 8.05 keV, da na nikel wajen 7.5 keV. Idan wurin da ka ɗauki bango ya fi wurin tushen yawan tagulla, cire bangon zai haƙa maka ramin ƙarya a 8 keV. Zana bakan bangon a ƙarƙashin na tushen ka gani da idonka. Na biyu, gefen haɗiyar ƙarfe mara caji a 7.11 keV da hasken da faifan ke maidowa. Idan ba ka sa su daidai a samfurinka ba, ragowar na iya kama da layin haɗiya. Na uku, sa'a. Tunda ka bincika wurare da dama, ba za ka amince da lambar da XSPEC ya ba ka a wuri guda ba. Ƙirƙiri bakan bogi guda dubu daga samfurin da ba shi da layin, ka bi kowanne da irin binciken da ka yi, ka ƙirga sau nawa rami mai zurfin naka ya fito. Idan ya wuce sau goma cikin dubu, ni dai ba zan gina komai a kansa ba.

Tarihin galaksin PG 1211+143 ya isa darasi. A 2003 Pounds da abokansa suka ba da rahoton iska mai tsananin gudu a cikinta daga XMM-Newton. Aka yi shekaru ana jayayya, har wani nazari da NuSTAR a 2015 ya ce bai ga alamarta ba. Sai a 2018 aka wallafa kallon da Chandra da Hubble suka yi lokaci guda, inda aka ga haɗiya a eksire da kuma a layin haidirojin, dukkansu a gudun kusan kilomita 17,000 a daƙiƙa. Na'urori biyu mabambanta, gudu ɗaya: irin wannan shaida ce ke kwantar da rai.

Mataki na huɗu: fitar da gudu

Da farko mayar da ƙarfin layin zuwa ma'aunin galaksin, ta hanyar ninka shi da 1 + z, inda z yake ma'aunin yadda ƙarfin hasken galaksin ya ragu kafin ya iso mu. PDS 456 tana da z = 0.184. Ramin da ka gani wajen 7.6 keV zai koma 9.0 keV. Sai ka yi amfani da lissafin Doppler na Einstein, domin a wannan gudu na yau da kullum ba ya aiki. Raba 9.0 da 6.97, ka sami 1.291. Ninka shi da kansa, 1.667. Gudun shi ne (1.667 − 1) a raba da (1.667 + 1), wato 0.25 na gudun haske.

Lura cewa da ka ɗauka Fe XXV ne, amsar za ta koma kusan 0.29. Kyamarar da ba ta rarrabe abin da ya gaza 150 eV ba za ta faɗa maka wanne ne ba, sai ka ga layi na biyu. Kuma gudun da ka samu na ɓangaren da ke fuskantarmu ne kawai. Ainihin gudun na iya fin haka.

Mataki na biyar: auna tuɓewa da kauri

Siririn layin da ka yi amfani da shi ya gama aikinsa. Yanzu kana bukatar samfurin da ya san yadda haske ke tuɓe atam: XSTAR, ko Cloudy, ko samfurin pion a cikin SPEX. Ka ba shi ainihin siffar hasken cibiyarka daga ultrabayolet zuwa eksire, kada ka bar shi da siffar da ya zo da ita, domin amsar tana sauyawa da wannan sosai.

Lambobi biyu zai ba ka. Kauri, N, shi ne yawan atam ɗin haidirojin a kan kowane murabba'in santimita a tsawon layin ganinka. Ma'aunin tuɓewa kuma shi ne ξ = L/(n r²), inda L yake hasken da ke tuɓewa tsakanin 13.6 eV da 13.6 keV, n cunkoson gas, r kuma nisa. Iska mai sanyin gudu, wadda ake gani a kusan rabin galaksin Seyfert nau'i na ɗaya (masu cibiya mai ruruwa da ake gani kai tsaye), log ξ ɗinta bai cika wuce 3 ba. Mai tsananin gudu tana tsakanin 3 da 6, da kaurin 10²² zuwa 10²⁴. Tombesi da abokansa sun duba galaksi 42 a 2010, suka sami irin wannan iska, mai gudun sama da kilomita 10,000 a daƙiƙa, a fiye da sulusinsu.

Dubi ξ da kyau. Ka san L, ka auna ξ, amma abin da ya fito maka shi ne n r² a haɗe. Gas mai cunkoso a kusa da gas mai sako-sako a nesa duk amsa ɗaya suke bayarwa.

Mataki na shida: kama nisa

Daga nan zan yi amfani da misalin lissafi, ba wata galaksi takamaimai ba, amma lambobinsa irin waɗanda ake samu ne. Rami mai nauyin rana 10⁸. Ma'aunin tsawonsa, Rg = GM/c², shi ne santimita 1.5 × 10¹³, kusan nisan duniya da rana. Jimillar haskensa 5 × 10⁴⁴ erg a daƙiƙa, mai tuɓewa 10⁴⁴. Iskar tana gudun 0.1 na haske, ξ = 10⁴, N = 10²³.

Iyakar sama tana da sauƙi. Kaurin iskar ba zai wuce nisanta ba, saboda haka r ba zai wuce L/(ξN) ba. A misalinmu santimita 10¹⁷ ke nan, kusan Rg 6,700.

Iyakar ƙasa da aka saba amfani da ita ita ce inda gudun iskar ya yi daidai da gudun tserewa: r = 2Rg(c/v)², wato Rg 200. Takardu da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin inda iskar ta tashi. Ina ganin wannan kuskure ne idan maganaɗisu kake tuhuma, domin da λ = 9 gudun kewayen gindin 0.026 na haske kacal ake bukata, wanda ke Rg 1,500. Don haka ka rubuta Rg 200 a matsayin iyaka, kada ka kira shi wurin tashi.

Tsakanin 200 da 6,700 fili ne mai faɗi, kuma a galaksi da yawa ya fi haka faɗi. Hanyoyi biyu ne na ƙunsa shi, dukkansu ta auna n kai tsaye. Ta farko sauyin lokaci: idan hasken cibiyar ya ragu, gas ɗin yana ɗaukar lokaci kafin ilektiron su koma jikin atam, kuma lokacin yana gajarta gwargwadon cunkoso. Raba kallonka gida-gida ka ga ko ξ yana bin L nan take ko yana jinkiri. Ta biyu layukan da ba sa bayyana sai cunkoso ya kai wani mataki, kamar rukunin C III a angstrom 1175 da Hubble ke gani, ko tagwayen Fe XXII a angstrom 11.77 da 11.92. Idan ka sami ɗaya daga cikinsu, ka yi babban rabo, domin r zai fito maka kai tsaye daga ξ.

Mataki na bakwai: kawar da zafi

Hasken eksire yana gasa fuskar faifan har zafin Compton, wato matakin zafin da hasken ke kai ilektiron, wanda a irin waɗannan cibiyoyi ya kan kai digiri miliyan goma ko ƙasa da haka. Begelman, McKee da Shields sun nuna a 1983 cewa gas mai wannan zafi zai tsere ne kawai daga inda jan ramin ya yi rauni. Nisan Compton, inda zafin gas ɗin ya yi daidai da jan ramin, a digiri 10⁷ kusan Rg 660,000 ne, kuma iskar na iya farawa daga kashi ɗaya cikin goma nasa, Rg 66,000. Gudunta kuma bai nisa da gudun sauti a gas ɗin, kusan kilomita 500 a daƙiƙa.

Iskarmu tana cikin Rg 6,700, tana gudun kilomita 30,000. Zafi ya fita. Ga iska mai sanyin gudu irin ta NGC 3783 kuwa, wannan mataki ba ya kawar da komai sai ka auna nisa, domin gudunta daidai yake da abin da zafi ke iya yi.

Mataki na takwas: kawar da haske, idan zai kawu

Wannan ne mai wuya. Haske yana tura ilektiron, kuma turin yana daidai da jan ramin a hasken Eddington, 1.3 × 10³⁸ erg a daƙiƙa ga kowane nauyin rana. Raminmu yana da 1.3 × 10⁴⁶, yana kuma haskawa a kashi 4 cikin ɗari nasa. Turin ilektiron kaɗai ya gaza sau 25.

Amma atam ɗin da ke da sauran ilektiron yana haɗiyar ultrabayolet ta layuka dubbai, wanda ke ninka turin har kusan sau 2,000. Wannan lissafin Castor, Abbott da Klein ne na 1975 kan manyan taurari, Murray da abokansa suka kawo shi faifan galaksi a 1995. Ninkin yana zubewa yayin da tuɓewa ke ƙaruwa, kuma da log ξ ya wuce 3 kusan babu abin da ya rage. A ξ = 10⁴ haske ba shi da abin kamawa.

Kada ka tsaya nan, domin masu ra'ayin haske suna da amsa mai ƙarfi. Kwaikwayon kwamfuta na Proga, Stone da Kallman a 2000 ya nuna gas ɗin da ya yi yunƙurin tashi daga ciki ya kasa yana iya tare eksire, ya kare gas ɗin da ke bayansa. Wannan gas zai sami gudunsa a ɓoye yana da ilektiron ɗinsa, sai bayan ya fito fili a tuɓe shi. Wato ξ da ka auna na inda iskar take yanzu ne, ba na inda ta sami gudu ba.

Abin da zai taimake ka shi ne lissafin turi. Yawan gas da ke fita kusan 4π f μ mₚ r N v ne, inda f yake kason sararin da iskar ta rufe, mₚ nauyin furoton, μ kuma 1.4. Da f = 0.4 da r = Rg 200, za ka sami giram 10²⁵ a daƙiƙa, kusan 0.17 na nauyin rana a shekara. Ninka da gudu: 3 × 10³⁴. Dukkan turin da hasken ke ɗauke da shi, L/c, 1.7 × 10³⁴ ne. Iskar tana ɗauke da turin da ya kusa ninka na hasken gaba ɗaya sau biyu, kuma wannan da mafi ƙarancin r ne. A cibiyar da ke kashi 4 na Eddington, wannan hujja ce mai nauyi ga maganaɗisu.

Gwada wannan lissafi a kan PDS 456 ka ga bambanci. Nardini da abokansa a 2015, da XMM-Newton da NuSTAR, sun ga haɗiya da fitarwa tare a layin ƙarfe, alamar iskar ta bazu ta kusan kowace fuska. Sun ƙiyasta kusan nauyin rana 10 a shekara. A gudun 0.25, turin ya kai 4.7 × 10³⁶, L/c kuma 3.3 × 10³⁶ ga hasken 10⁴⁷. Kusan kunnen doki. Cibiyar tana dab da Eddington, kuma Matzeu da abokansa sun nuna a 2017 cewa gudun iskar yana ƙaruwa idan eksire ya ƙaru. Iska mafi shahara a fagen nan ke nan, amma haske bai fita daga zargi a kanta ba. Tsananin gudu kaɗai ba shaidar maganaɗisu ba ce.

Idan iskarka tana can nesa inda zafi ya gaza digiri 1,500, ƙura na rayuwa, kuma haske yana tura ƙura da ƙarfi sau ɗaruruwa. A can ma sai ka yi lissafin daban.

Mataki na tara: nemi shaidar da ke nuna maganaɗisun kansa

Kawar da biyu bai tabbatar da na uku ba. Samfurin maganaɗisu yana da hasashensa, kuma ya kamata ka gwada su.

Iskar maganaɗisu tana tashi daga ko'ina a fuskar faifan, daga kusa da ramin har gefensa, cunkosonta yana raguwa a jere, n ∝ r^(−α). Blandford da Payne sun sami α = 1.5. Contopoulos da Lovelace a 1994 suka faɗaɗa lissafin ya karɓi wasu ƙimomi, Fukumura, Kazanas, Contopoulos da Behar kuma suka yi amfani da α kusa da 1 a 2010 don bayyana haɗiyar eksire. Idan α = 1, to ξ ∝ 1/r, kuma tunda gudu yana bin r^(−1/2), sai v ∝ ξ^(1/2). Idan α = 1.5, v ∝ ξ. Ma'ana atam ɗin da aka fi tuɓewa su ne mafi kusa kuma mafi gudu.

Ga yadda za ka gwada. Auna kaurin kowane nau'in atam daban, daga ƙarfe mai sauran ilektiron da yawa har zuwa Fe XXVI, ka mayar da kowanne zuwa kaurin haidirojin a ξ ɗin da ya fi yawaita. Zana log ɗin kauri a kan log ξ. Holczer, Behar da Kaspi ne suka tsara wannan zane a 2007. Idan gangarensa a ne, to α = (1 + 2a)/(1 + a). Behar ya yi wannan ga galaksin Seyfert kaɗan a 2009 ya sami α tsakanin 1 da 1.3, daidai inda samfurin maganaɗisu ke so. Sai ka zana gudu a kan ξ ka ga ko gangaren ya yarda da α ɗin da ka samu. Zane biyun dole su faɗi magana ɗaya. Idan kauri ya ce α = 1.1 amma dukkan atam ɗin gudu ɗaya suke yi, samfurin bai ci jarrabawa ba, ko da ya zauna daidai a kan bakan. Ka kuma sani cewa zanen NGC 3783 yana da giɓi a tsakiya, wanda aka fi dangantawa da rashin daidaiton zafi, kuma masu ra'ayin gas mai matsi ɗaya suna samar da zane mai kama da wannan ba tare da maganaɗisu ba.

Siffar layin ma shaida ce. Fukumura da abokansa sun yi hasashe a 2022 cewa layin iskar maganaɗisu zai ja wutsiya ta ɓangaren gudu mai yawa, na iskar haske kuma ta ɓangaren gudu kaɗan. Tsofaffin kyamarori ba sa ganin wannan. Na'urar Resolve ta XRISM tana rarrabe kusan 5 eV a 6 keV, sau talatin fiye da EPIC-pn. Da ta kalli PDS 456 a 2024, faffaɗan ramin nan guda ya rabu gida biyar, kowanne da gudunsa tsakanin kashi 20 da 30 da ɗoriya cikin ɗari na gudun haske. Iskar dunƙule-dunƙule ce. Samfurin maganaɗisu mai santsi da na haske mai santsi duk suna da aiki a gabansu, kuma duk lissafin da ka yi da tsohon bakan ka ɗauke shi matsakaicin abubuwa da yawa.

Yana da kyau ka san shari'ar GRO J1655−40, duk da cewa ƙaramin rami ne a cikin galaksinmu. Chandra ya kalle shi a Afrilu 2005, tagwayen Fe XXII suka ba da cunkoso, cunkoso ya ba da nisan da ke can cikin nisan Compton, Miller da abokansa suka yanke hukuncin maganaɗisu. Ita ce hujja mafi tsafta da aka samu ta wannan hanya. Duk da haka a 2016 wasu suka kawo cewa wataƙila iskar ta yi kaurin da ta ɓoye ainihin hasken, ramin yana kusa da Eddington ko sama. Idan L ɗin da ka sa a lissafi ya gaza na gaskiya, duk matakai uku na baya sun karkace. Duba hasken infrared da na gani, ka tabbata sun yarda da L ɗinka.

Shaida ta ƙarshe daga wajen eksire take. Iskar maganaɗisu tana ɗauke da juyin faifan, don haka tana fita tana murɗawa. A 2024 Gorski da abokansa suka yi amfani da na'urar hangen rediyo ta ALMA a ƙasar Chile suka bi gas ɗin HCN a galaksin ESO 320-G030, suka ga iska mai juyawa tana fita daga cibiyar. Idan galaksinka tana da bayanai a ma'ajiyar ALMA, duba ko gefe biyu na iskar suna da bambancin gudu.

Mataki na goma: lissafa ƙarfinta, ka rubuta abin da ka samu

Ƙarfin motsin iskar rabin yawan gas ne sau murabba'in gudu. A misalinmu 5 × 10⁴³ erg a daƙiƙa, kusan kashi 10 cikin ɗari na hasken. Kwaikwayon Di Matteo, Springel da Hernquist na 2005 ya bukaci kashi 5 kafin ramin ya iya hana galaksinsa haihuwar taurari, Hopkins da Elvis a 2010 suka nuna kashi 0.5 na iya wadatarwa. Iskarmu ta haye duka biyun. Ka kuma kwatanta da abin da ramin ke ci, L/(0.1c²), kusan 0.09 na nauyin rana a shekara. Iskar tana kwashe ninki biyu na abin da ke isa ramin, wanda ke nufin yawancin gas ɗin da ya shigo faifan daga waje ba ya kaiwa ciki.

A rahotonka, sa kowace lamba da iyakokinta biyu, ta r mafi ƙanƙanta da ta r mafi girma. A misalinmu tazarar ta haura sau talatin, kuma mai karatu yana da haƙƙin ganin haka. Faɗi f ɗin da ka ɗauka da dalilinka, siffar hasken da ka ba XSTAR, da nauyin ramin da hanyar da aka auna shi, domin kuskuren ninki uku a nauyi yana mayar da kashi 4 na Eddington kashi 12. Idan ba ka sami n ta sauyin lokaci ko ta layukan cunkoso ba, rubuta cewa bayanan sun dace da maganaɗisu kuma zafi ya fita, sannan ka lissafa tsawon kallon da XRISM zai bukata don raba Fe XXV da Fe XXVI a galaksin taka, ka sa wannan lamba a sakin layin ƙarshe.